Benjamin Franklin: Mutumin da ya nuna wa tsawa hanyar shiga ƙasa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Daura zuwa Mai'adua da Kongolam a kan iyakar Nijar, ko wadda ta nufi Zango da Baure, zai riƙa hango ƙarafunan sabis na kamfanonin wayar salula sun yi wa bishiyoyi da gidaje zarra.

A ƙololuwar galibinsu akwai wani siririn ƙarfe da ba kowa ke lura da shi ba. Daga gindinsa wata waya ta biyo jikin turken ta sauko, ta shige cikin rairayi.

Wannan siririn ƙarfe shi ne ke tare tsawa, kuma dabarar ta girmi wayar salula da sama da shekara 200. Wanda ya fito da ita wani mai aikin ɗab'i ne a Amurka, Benjamin Franklin, wanda shekara biyu kacal ya yi a makaranta.

Duniya ta fi tunawa da shi saboda tsinin da ya ɗaga sama. Sai dai abin da ya fi nanatawa a rubuce-rubucensa shi ne ɗaya ƙarshen, wanda ake binnewa ba a ganinsa. Sharaɗin da ya gindaya a kansa, wato a kai ƙarfen ga ƙasa mai laima, shi ne wanda ya fi wuyar cikawa a ƙasa irin ta Daura.

Ɗan mai kyandir

An haifi Benjamin Franklin ne a ranar 17 ga watan Janairun 1706 a birnin Boston, lokacin da yankin yake ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila.

Mahaifinsa Josiah, wanda ya yi ƙaura daga Ingila, sana'arsa yin kyandir da sabulu. Yana da 'ya'ya 17, Benjamin ne na 15, kuma auta a cikin maza.

An cire shi daga makaranta yana da shekara 10 domin ya taya mahaifinsa aiki. Da ya kai 12 sai aka ba da shi ga wansa James, mai maɗaba'a, ya koyi sana'ar ɗab'i.

A nan ne ya sami abin da makaranta ba ta ba shi ba. Yakan ari littafi da yamma, ya kwana yana karantawa, ya mayar da safe kafin a lura babu shi.

A 1722 ya riƙa rubuta wasiƙu da sunan wata bazawara da ya ƙirƙira, yana zura su ta ƙarƙashin ƙofar maɗaba'ar, wan nasa yana bugawa a jaridarsa ba tare da ya san marubucin ba. Da asiri ya tonu sai zama ya yi tsami a tsakaninsu.

A 1723, yana da shekara 17, ya gudu zuwa birnin Filadelfiya, ya isa da 'yan kuɗi kaɗan a aljihu.

Gwamnan yankin ya yi masa alkawarin jari, ya tura shi Landan sayo kayan maɗaba'a. Sai da ya sauka a can ya gane cewa alkawarin fatar baki ne kawai. Ya yi kusan shekara biyu yana aikin ɗab'i a Landan kafin ya dawo a 1726.

Daga nan al'amura suka buɗe masa. A 1729 ya sayi jaridar Pennsylvania Gazette, a 1730 ya zauna da Deborah Read a matsayin matarsa, a 1732 kuma ya fara buga littafin kalandar shekara mai suna Poor Richard's Almanack, wanda ake sayar da kimanin kwafi 10,000 nasa duk shekara.

Da hannunsa a kafa ɗakin karatu na aron littattafai a 1731, da ƙungiyar kashe gobara ta 'yan sa-kai a 1736, da makarantar da daga bisani ta zama Jami'ar Pennsylvania, da kuma asibitin birnin a 1751.

A 1748, yana da shekara 42, ya miƙa harkar maɗaba'a ga abokin cinikinsa David Hall, ya ce ya sami abin da zai ishe shi. Abin da ke ransa a lokacin shi ne lantarki.

Abin wasan masu hali

A wancan zamani lantarki ba ya haskaka gida, ba ya juya inji. Abin nishaɗi ne a gidajen masu hannu da shuni a Turai, inda ake goga gilashi da ƙyalle a fitar da tartsatsi, a sa gashin mutum ya miƙe.

A tsakanin 1745 da 1746 aka gano wata kwalba da ke iya tara wannan ƙarfi ta ajiye, wadda aka raɗa wa sunan birnin Leiden na ƙasar Holan.

Wani ɗan kasuwa a Landan, Peter Collinson, ya aika da bututun gilashi zuwa ɗakin karatun Filadelfiya. Franklin da abokansa suka duƙufa a kai, yana rubuta wa Collinson duk abin da suka gani.

A cikin waɗannan wasiƙu ne ya bayyana cewa lantarki abu guda ne, wanda kan yi yawa a wani wuri ya yi ƙaranci a wani, kuma kullum yana neman daidaita. Alamar tarawa da ta ɗebewa da ake gani a jikin kowane batir daga wannan bayani nasa suka samo asali. Shi kansa sunan batir a fannin lantarki, shi ya fara amfani da shi.

Aikin bai rasa haɗari ba. A watan Disambar 1750 ya yi niyyar kashe talotalo da lantarkin da ya tara a manyan kwalabe biyu, sai ya yi kuskure wutar ta bi ta jikinsa, ta kusa sumar da shi.

Abubuwa biyu ne suka fi ɗaukar hankalinsa. Na farko, ƙarfe mai tsini yana zuƙe lantarki daga nesa fiye da mai dunƙulallen kai. Na biyu, ba ya yin haka sosai sai idan yana da hanyar da ta sada shi da ƙasa, ko da ta jikin mutumin da ke riƙe da shi ne.

A watan Nuwambar 1749 ya jera kamanni 12 tsakanin walƙiya da tartsatsin da yake fitarwa a ɗakinsa. Launinsu ɗaya, dukansu suna tafiya a karkace, suna bin ƙarfe, suna narkar da shi, suna kashe dabba, suna tayar da wuta.

Ba shi ne farkon wanda ya yi zargin cewa abu ɗaya ne ba. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ya faɗi yadda za a gwada a gani.

Kowace al'umma tana da nata bayani a kan tsawa. A ƙasar Hausa an daɗe ana rantsuwa da aradu, kalmar da ta samo asali daga Larabci, kuma idan manomi ya tono wani sulɓaɓɓen dutse mai baki a gona akan ce gatarin aradu ne, alhali masu binciken kayan tarihi sun nuna cewa gatarin mutanen zamanin dutse ne. A Turai kuwa, idan hadari ya haɗo sai a hau hasumiyar coci a yi ta kaɗa ƙararrawa domin a kore shi, abin da ya yi sanadin mutuwar masu kaɗawa da dama.

Gwajin Marly da mutuwar Richmann

An buga wasiƙun Franklin a Landan a 1751, aka fassara su zuwa Faransanci a shekarar da ta biyo baya.

A ranar 10 ga watan Mayun 1752, a ƙauyen Marly-la-Ville da ke arewa da Paris, aka kafa sandar ƙarfe mai tsawon ƙafa 40 bisa tsarin da ya zayyana, a ƙarƙashin jagorancin Thomas-François Dalibard. Da hadari ya gifta, wani tsohon soja da aka bari yana gadi ya kusanta waya, tartsatsi ya yi ta fita.

Kafin labarin ya ƙetare teku, Franklin ya yi nasa gwajin a watan Yunin shekarar, tare da ɗansa William. Ya yi amfani da irin jirgin wasan nan da yara kan ɗaura wa zare su saki iska ta ɗaga, amma nasa da hankicin siliki aka yi shi, da 'yar waya mai tsini a samansa.

Ya ɗaura makulli a ƙarshen igiyar, ya riƙe ta da busasshen ƙyallen siliki yana tsaye a cikin rumfa. Da ruwa ya jiƙa igiyar, sai makullin ya fara ba da tartsatsi.

Zanen da aka saba gani, na tsawa ta faɗa wa jirgin kai tsaye, ba haka abin ya faru ba. Da ta faɗa masa da wuya ya rayu. Lantarkin da ke cikin iska a ƙarƙashin hadarin ne ya tara.

Wanda bai yi wannan sa'a ba shi ne Georg Wilhelm Richmann, wani farfesa a birnin St Petersburg na Rasha. A watan Agustan 1753 yana duba ma'aunin da ya haɗa da sandar da ke kan rufin gidansa, sai tsawa ta sauko ta same shi a goshi, nan take ya mutu.

Sandar Richmann ba ta da hanyar zuwa ƙasa, domin da gangan aka raba ta da ƙasa saboda a tara lantarki a auna. Da tsawar ta iso ƙarshen ƙarfen, jikinsa ne hanya mafi kusa.

Wannan shi ne bambancin sandar gwaji da sandar kariya. Ƙarfen da aka ɗaga sama ba a sada shi da ƙasa ba, kiran tsawa ya yi zuwa cikin gida.

Ƙasa mai laima

Tun a 1752 aka fara kafa sandunan kariya a kan manyan gine-ginen Filadelfiya. Franklin bai nemi rajistar mallakar fasahar ba, bai kuma karɓi ko kwabo a kanta ba. A maimakon haka ya buga yadda ake yin ta a kalandarsa ta 1753, inda kowane manomi zai gani.

Bayanin gajere ne. A sami sandar ƙarfe, a nutsa ƙarshenta ƙafa uku ko huɗu a cikin ƙasa mai laima, ɗaya ƙarshen ya zarce ƙololuwar ginin da ƙafa shida ko takwas, a ɗora masa wayar tagulla da aka fiƙe.

Da farko ya yi zaton tsinin zai riƙa zuƙe lantarkin gajimare a hankali har tsawa ta fasa faɗowa. Kimiyyar yau ta nuna cewa sandar ba ta hana tsawa faɗowa. Abin da take yi shi ne ta karɓe ta, ta ba ta hanya mai sauƙi zuwa ƙasa, maimakon ta bi ta bango ko ta jikin mutum. Shi ma tun da wuri ya ambaci wannan aiki na biyu, kuma ya yi ƙorafin cewa masu sukarsa a Turai suna mantawa da shi.

A 1760 aka sami gwaji na zahiri. Tsawa ta faɗa wa gidan wani ɗan kasuwa a Filadelfiya mai suna William West, wanda ke da sandar kariya. Tsinin tagullar ya narke, amma gidan da mutanen ciki ba abin da ya same su.

Abokinsa Ebenezer Kinnersley ya rubuta masa labarin cikin murna. A ciki ya ambaci cewa wani da ke kallo daga nesa ya ga wuta ta bazu a kan daɓen titi a kewayen gindin sandar.

Wani zai iya wuce wannan magana. Franklin a kanta ya tsaya. A amsar da ya aika daga Landan a 1762, ya nuna cewa bazuwar wutar a sama alama ce ta ƙasar da ke ƙarƙashin daɓen ta bushe ƙwarai, don haka kamata ya yi a ce an nutsa ƙarfen har ya tarar da laima. Turken kuwa ya shiga ƙasa ƙafa huɗu zuwa biyar, wato ya cika abin da shi kansa ya rubuta a kalanda, amma bai wadatar ba.

A 1767 ya ƙara da cewa a lanƙwasa ƙarfen a ƙarƙashin ƙasa ya nisanci bango da ƙafa shida ko takwas kafin ya sake nutsawa, domin kada tsawa ta farfasa harsashin ginin.

A watan Agustan 1769 tsawa ta faɗa wa wani gini da aka tara albarushi a birnin Brescia na Italiya. Fashewar ta rusa wani babban sashe na birnin, ta hallaka ɗaruruwan mutane, wasu bayanan ma sun ce dubbai.

Hakan ya tayar da hankalin gwamnatin Birtaniya game da rumbunan albarushinta da ke Purfleet a bakin kogin Thames. A 1772 ƙungiyar masana ta Royal Society ta kafa kwamiti, Franklin yana ciki, tare da Henry Cavendish da wasu.

Rumbunan a kan farin dutse irin na alli suke. Shawarar kwamitin ita ce a haƙa rijiya a kowane gefe na kowane rumbu har a sami ruwa mai zurfin aƙalla ƙafa huɗu, a sa bututun darma ya taso daga cikin ruwan, a haɗa shi da sandar da ke kan rufi.

Wato dai idan laima ba ta kusa, a bi ta har inda take.

Inda laima ke nisa

Franklin bai taɓa zuwa Afirka ba, kuma ƙasar da ya saba da ita tana samun ruwa kusan duk shekara. A masarautar Daura, wadda tarihinta kansa ya ginu a kan labarin rijiyar Kusugu, ba sai an gaya wa kowa cewa ruwa yana ƙasa can ba.

Yawancin ƙasar yankin jigawa ce mai rairayi. Damina takan tsaya ne tsakanin watan Yuni da Satumba, sauran watannin kuwa rana da iskar hunturu su busar da saman ƙasa.

Ƙasa ba ita kanta ke ɗaukar lantarki ba, ruwa da gishirin da ke narke a cikinta ne ke ɗauka. Laka takan riƙe ruwa, rairayi kuwa yakan sake shi ya wuce.

Injiniyoyi suna auna turjiyar da ƙasa ke yi wa lantarki da ma'aunin da ake kira om. Sanda mai tsawon mita 3 da aka kafa a laka mai laima irin ta fadama tana iya nuna om 15 zuwa 20. Ita dai wannan sanda a busasshen rairayi tana iya haura om 300. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kare gine-gine daga tsawa tana ba da shawarar kada a wuce om 10.

Matsakaiciyar tsawa tana ɗauke da kimanin amfiya 30,000, alhali fankar ɗaki ba ta jan ko amfiya guda. Idan irin wannan ƙarfi ya tarar da turjiya mai yawa a gindin sanda, matsin lantarkin da ke taruwa a wurin yakan kai miliyoyin bolt na ɗan ƙiftawar ido.

A lokacin ne yake neman wata mafita. Yakan tsallaka zuwa wayar gida, ko bututun ruwa, ko ya bazu a saman ƙasa kamar yadda aka gani a ƙofar gidan West. Wannan bazuwa ita ce ke kashe shanu da yawa a lokaci guda a ƙarƙashin bishiya, domin tazarar da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya takan sa wutar ta ratsa ta ƙirjinsu.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne lokaci. Hadarin farkon damina, wanda kan taso daga gabas da guguwa da tsawa a watan Mayu ko Yuni, yana zuwa ne daidai lokacin da ƙasa ta kai maƙura wajen bushewa. Turken da aka auna a watan Agusta aka ga yana da kyau, mai yiwuwa ne a ƙarshen rani ba ya aikin komai.

A hamadar Nijar, arewa da Daura, masana sun tsinci bututun gilashi da tsawa ta ƙera a cikin yashi, inda zafinta ya narkar da rairayin da ta ratsa.

Kayan da ake son karewa ma sun sauya. A zamanin Franklin gida ne da coci da jirgin ruwa. Tun daga 2001 da wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya, an sami ƙarafunan sabis, sannan farantan sola a kan rufi, da inbata, da injinan rijiyar burtsatse, da taransifoma. Abin da bango zai jure ba tare da ya tsage ba ya isa ya ƙone waɗannan.

Masu aikin wayarin a arewacin Najeriya sun saba haƙa rami su zuba gawayi da gishiri a kewayen turken, wasu kuma su riƙa ba shi ruwa. Dabarar tana rage turjiya, sai dai gishirin yakan bi ruwan sama ya tafi cikin 'yan shekaru, kuma yana cin ƙarfen.

Waɗanda suka zo bayan Franklin sun ƙara wasu hanyoyi. A 1915 Frank Wenner na hukumar ma'aunai ta Amurka ya fito da yadda ake auna turjiyar ƙasa da turaku huɗu a jere, ta yadda za a san zurfin da laima take kafin a fara haƙa.

A 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin Amurka suka fuskanci irin matsalar Purfleet a hamadar Arizona, inda suke ajiye bama-bamai a ƙasar da ba ta da laima. Wani injiniya, Herbert Ufer, ya gano cewa kankare yana riƙe danshi fiye da ƙasar da ke kewaye da shi. Sai ya haɗa wayar da ƙarfen da ke cikin harsashin ginin. An yi shekaru ana auna gine-ginen, turjiyarsu ba ta wuce om 5 ba.

Wannan dabara tana da araha ga mai sabon gini, domin rodin yana nan a cikin harsashi, abin da ake bukata shi ne a haɗa shi da kyau a fito da bakinsa kafin a zuba kankare.

Inda gini ya riga ya tsaya, akan kafa turaku da dama da tazarar da ba ta gaza tsawonsu ba, ko a binne wayar jan ƙarfe ta zagaye ginin, ko a cika ramin da wata laka mai riƙe ruwa da ake kira bentonait. Akan kuma haɗa duk ƙarafunan wurin da wannan waya guda, domin kada wani ya fi wani matsi har wuta ta yi tsalle a tsakaninsu.

Sandar kan rufi kuma ba ta kare talabijin daga abin da ya biyo wayar wutar lantarki daga nesa. Wannan sai da na'urar da aka yi domin haka, ita ma da ƙasa take aiki.

Tsini ko dunƙule

Ba kowa ne ya karɓi sandar Franklin hannu bibbiyu ba. Da aka yi girgizar ƙasa a yankin Boston a 1755, wani malamin coci, Thomas Prince, ya danganta ta da lantarkin da sandunan ke turawa cikin ƙasa. A Faransa sai da aka je kotu a 1783 kafin a bar wani mutumin garin Saint-Omer ya ci gaba da ajiye tasa. Lauyan da ya kare shi wani matashi ne, Maximilien Robespierre, wanda daga baya ya yi suna a juyin juya halin ƙasar.

Masana kuwa sun karrama shi. Royal Society ta ba shi lambar yabo ta Copley a 1753, jami'o'in St Andrews da Oxford suka ba shi digirin girmamawa.

Daga 1757 ya shafe mafi yawan shekarunsa a Landan yana wakiltar yankunan Amurka. Ya daɗe yana neman sulhu tsakaninsu da Ingila, har zuwa watan Janairun 1774, lokacin da aka tsayar da shi a gaban majalisar sarki aka ci masa mutunci kusan sa'a guda, aka kuma tuɓe shi daga muƙamin shugaban gidajen waya. A ƙarshen shekarar matarsa Deborah ta rasu a Filadelfiya, bayan shekara 10 ba su ga juna ba.

Ya koma gida a 1775, kuma yana cikin mutum biyar da aka ɗora wa tsara takardar ayyana 'yancin kan Amurka a 1776. Ɗansa William, wanda ya taya shi gwajin 1752, ya tsaya a ɓangaren sarki. Ba su sake shiryawa da gaske ba.

Siyasa ta bi sandar har kan rufi. Da tsawa ta taɓa wani gini a Purfleet a 1777, Benjamin Wilson, wanda tun a kwamitin 1772 ya ƙi yarda da tsini, ya sake tayar da maganar. Sarki George na Uku ya sa aka sauya sandunan fadarsa da masu dunƙulallen kai, domin mai tsinin ta ɗan tawaye ce. Franklin bai shiga gardamar ba.

Binciken da aka yi a kan tsaunukan jihar New Mexico, wanda aka wallafa a shekarar 2000, ya nuna cewa sanda mai ɗan dunƙulallen kai ta fi mai tsini sosai karɓar tsawa. A kan batun rijiyoyi da ruwan da ke cikinsu kuwa, ba a yi jayayya ba tun a wancan lokaci.

Daga ƙarshen 1776 zuwa 1785 yana Faransa a matsayin jakada. Sunan da ya yi a kimiyya ya buɗe masa ƙofofi, ya samo wa ƙasarsa kuɗi da makamai da yarjejeniyar ƙawance ta 1778, ya kuma sa hannu a yarjejeniyar Paris ta 1783 wadda ta kawo ƙarshen yaƙin. A 1787, yana da shekara 81, shi ne mafi tsufa a taron da ya rubuta tsarin mulkin Amurka.

Akwai tabo a tarihinsa. Ya mallaki bayi baƙar fata a gidansa na tsawon shekaru, jaridarsa kuma ta riƙa buga tallan sayar da su. Daga baya ya sauya ra'ayi, ya zama shugaban ƙungiyar yaƙi da bauta ta Pennsylvania a 1787, kuma a watan Fabrairun 1790 ya sa hannu a takardar da ta nemi majalisar dokoki ta kawo ƙarshen bautar. Majalisar ba ta yi ba.

A lokacin da ake faɗaɗa gidansa bayan dawowarsa daga Faransa, an sauko da sandar da ke kan rufin. Sai aka tarar tsinin jan ƙarfenta, mai tsawon inci 9, ya narke saura kaɗan. Tsawa ta faɗa wa gidan yana ƙasar waje, gidan kuma yana nan a tsaye.

Benjamin Franklin ya mutu a ranar 17 ga watan Afrilun 1790 yana da shekara 84. Kimanin mutum 20,000 ne suka halarci jana'izarsa a Filadelfiya, majalisar dokokin Faransa kuma ta yi zaman makoki na kwana uku.

Hotonsa ne a jikin takardar dala 100 ta Amurka.